Wasiƙa Zuwa Ga Masu Buga Takardun Lissafi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ina rubuto muku ne, 'yan'uwa, a kan amanar da malamai da ɗalibai ke danƙa muku duk sa'ad da suka kawo burhanin lissafi a buga, domin shi burhani, tun daga muƙaddimarsa har natijarsa, tsarinsa a kan takarda yanki ne na hujjarsa, ta yadda in sahu ɗaya ya goce mai karatu ba zai gane inda dalili ya fito ba. Shehin malamin nan na ƙasarmu, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya wallafa littafi kan wafaƙi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, da mai kwafar littafinsa zai kauda adadi guda daga gidansa, da jimlar ta rushe.

Shawarata ita ce ku koyi LaTeX, wadda Leslie Lamport ya gina a kan TeX, manhajar da Donald Knuth ya fitar a 1978, domin a cikinta umarni kuke rubutawa, ita kuwa ta tsara shafin. Idan burhani ya rabu wajahi uku, ku sa su cikin enumerate, kada ku sa musu lamba da hannu. Ku kuma laƙaba wa kowane \label, ku kira shi da \ref, saboda ranar da malami ya ƙara wajahi a tsakiya, lambobin su gyaru da kansu. Ma'aunai kuwa a jera su da align, alamar daidai ƙarƙashin 'yar'uwarta.

Wurin da na fi so ku lura shi ne ƙarshen burhani, inda ƙunshin amsthm na LaTeX ke ajiye ɗan murabba'i, kamar yadda magabata ke rufe littafi da tammat. In burhanin ya ƙare da jeri, murabba'in yakan faɗo sahu na ƙasa shi kaɗai, wani lokaci ma ya tsallaka sabon shafi, alhali maganinsa kawai a rubuta \qedhere a ƙarshen wajahin ƙarshe.

Kada kuma ku dogara ga intanet, tunda kun shaida yadda aka rufe layukan sadarwa a garuruwanku a 2021. Ku sauke TeX Live ko MiKTeX a kwamfutocinku, kuma ina roƙonku, kada takarda ta bar shagonku sai malamin da ya kawo ta ya bi ta sahu-sahu.

Wassalam.