Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa a Gaban Direba

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina so in yi wa 'yan'uwa malamai da akawuna masu mota magana a kan wata 'yar fitila mai ruwan ƙwai da ke kamawa a gaban direba, musamman da safiyar hunturu, ga mota tana tafiya lafiya lau, amma fitila ta ƙi mutuwa. Dalilan kamawarta suna da yawa. Guda ɗaya zan ɗauka, don shi ne na ga yana cin kuɗin mutanenmu na Bebeji da Kiru a banza.

Waɗansu motocin da ake kawo mana ta Kwatano, na Jamus da na Amurka, suna da wani ɗan famfo mai aiki da wutar batir a kusa da inji. Aikinsa daidai yake da na zugazugin maƙeri. Watau idan inji ya kwana ya huce, sai an ba shi fetur fiye da kima kafin ya tashi, saboda haka wani man kan fita ta salansa bai ƙone ba. To, famfon nan shi ke hura iska cikin bututun hayaƙi don ragowar man ya ƙone a can, tukunyar tace hayaƙi kuma, wadda makanikai ke kira indomi, ta yi zafi da wuri. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara sa wa motoci wannan dabara a 1966, saboda hayaƙi ya dami mutanen biranensu. Ba ya wuce minti ɗaya ko biyu yana aiki sai ya yi shiru, har sai inji ya sāke hucewa.

Tun daga 1996 Amurka ta tilasta a sa wa kowace mota kafar da ake jona na'urar gwaji, ita kuwa ta faɗi lambar cuta. Lambar wannan ɓangare P0410 ce. A nan ne ɓarna ke farawa, don da zarar mai na'ura ya ga lambar sai ya ce famfo ya mutu, a tafi Kofar Ruwa a Kano a sayo wani. Alhali lambar ba ta ce haka ba. Abin da ta ce kawai shi ne, an umurci iska ta zo, ba ta zo ba. Wanda ya aika da takarda bai sami amsa ba, ai ba ya fara da cewa mai gida ya rasu, sai ya tambayi masinja tukuna.

Masinjan nan kuwa wuta ce, kuma hanyarta a bayyane take: daga batir ta bi ta fiyus, daga fiyus ta shiga rile, watau makunnin da ƙwaƙwalwar mota ke buɗewa da rufewa, sa'an nan ta isa famfo, ta koma ta wayar da aka ɗaure a jikin mota. Sai a kai wa mai gyaran waya motar ta kwana a wurinsa, don da rana tsaka inji na da zafi famfon ba zai tashi ba ko da lafiyarsa ƙalau. Da asuba a tayar, a kasa kunne. In an ji gunji kamar na iska mai ƙarfi, wuta na isa, sai a nemi laifin a tiyo ko a bawul. In shiru ne, a duba fiyus. In yana nan garau, a musanya rile da wani irinsa daga cikin akwatin, a sāke gwadawa. Sa'an nan a sa mita a bakin wayar famfo a ga ko bolt 12 na isowa. Idan ba sa isowa, a bi waya taki-taki, don motar da ke kwana kusa da rumbu ba ta rasa ɓarnar ɓera. Na'urar ma takan taimaka: P0418 na nuni ga hanyar rile, P0412 ga wayar bawul. Sai an ga wuta na isowa, wayar jikin mota ba ta yi tsatsa ba, famfo kuma ya ƙi juyawa ko da an ba shi wuta kai tsaye daga batir, sa'an nan a yanke masa hukunci.

Amma abin da ya fi damuna shi ne fiyus mai yawan ƙonewa. Famfon nan mai cin wuta ne ƙwarai, shi ya sa fiyus ɗinsa babba ne, na amfiya 40 ko 50. Tsakaninsa da salansa akwai bawul da ke barin iska ta wuce, ya hana hayaƙi dawowa. Idan bawul ɗin ya lalace, tururin hayaƙi ya komo cikin famfo ya zama ruwa, tsatsa ta kama shi ya cije, ya ja wuta fiye da kima, fiyus ya ƙone. Wanda ya cire tiyo ya ga ruwa ko baƙin toka a ciki, to, ya san bawul ne mai laifi, kuma in ya sa sabon famfo bai canja bawul ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi. Na sha ganin yaran gareji suna naɗa zaren waya a gurbin fiyus, wai sun yi dabara. Wallahi wannan ba gyara ba ne. Fiyus an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota, wanda ya kawar da shi kuwa ya bar wayoyin su yi zafi a ƙarƙashin bonet, inda fetur ke bi.

Waɗansu kuma sukan ce tun da mota na tafiya, a liƙe fitilar da baƙin salatif a huta. Gaskiya ne rashin famfon ba ya tsayar da mota nan take. Sai dai fitilar guda ɗaya ce tak, ita ce kuma za ta yi gargaɗi ranar da babbar cuta ta taso wa inji. Mai bin hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ya san tsawon dajin Falgore, ya kuma san babu gareji a cikinsa.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu, Bebeji.