Daga Allon Malam: Damin da Yake Cin Wasa

A watan jiya mun yi alkawari za mu faɗi yadda 'yan makarantarmu ta nan Birnin Gwari suke shirya katunansu domin gasar Kirsimeti. To, alkawari kaya ne, yau ga shi mun zo mu sauke.

Bari mu fara da asalin abin. A ƙarshen Satumba 2021 aka rufe layukan waya a waɗansu sassan Jihar Kaduna, har da namu, saboda mahara, aka kuma hana hawan babur. Muka yi wajen wata 2 ba mai jin muryar nasa na nesa. Gonakin da suke bakin dajin Kamuku an riga an bar su, iyalai da yawa kuwa sun taso daga ƙauyuka sun cunkushe a cikin gari. Da magariba ta yi, kowa sai ya shige gida. Yara ba gona, ba yawo, sai muka ga sun duƙufa a kan Whot a bayan aji, waɗansu har da zuba kuɗi.

A cikin akwatin littattafanmu kuwa akwai wani ƙunshin kati da wani ɗan'uwa ya kawo mana tsaraba daga Amurka. Sunan wasan Redemption, watau Fansa. Wani mutum mai suna Rob Anderson ne ya ƙago shi, kamfanin Cactus Game Design kuma ya fitar da shi a 1995. Kowane kati yana da hoto da aya daga Littafi Mai Tsarki. A can mutane sukan sayi katunan a rufe, su tara, su yi musaya, kowace shekara kuma akan yi gasa ta ƙasa duka. Namu ƙunshin da Turanci yake, ba zai kuwa ishi yara 40 ba. Saboda haka muka yanka kwalayen sabulu da na sukari, muka rubuta sunaye da Hausa, da wurin da ayar take. Muka riƙe manyan dokokin wasan, ƙananan kuwa muka sauƙaƙa su. Yaran da kansu suka sa wa tarin katunan kowane mutum suna “dami”, gama 'ya'yan manoma ne.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mutum 2 suke karawa, kowa da daminsa. Dami ba ya kasa kati 50, a cikinsu kuwa dole 7 su zama Ɓatattun Rayuka. In ka jawo Ɓataccen Rai, sai ka ajiye shi a gabanka, a wurin da ake kira Ƙasar Bauta, ka jawo wani kati a madadinsa. Abokin karawarka zai aiko da jaruminsa ya kuɓutar da wannan rai, kai kuma ka tare shi da ɗaya daga cikin miyagun da suke daminka, kamar su Fir'auna ko Goliyat ko Yezebel. In naka juyi ya zo, sai kai ma ka aika da naka jarumi. Kowane jarumi da kowane mugu yana da lamba 2, ta ƙarfin bugu da ta jimiri. Akwai kuma katunan taimako masu ƙara musu ƙarfi. Ana farawa da kati 8 a hannu, a jawo 3 a kowane juyi. Wanda ya fara kuɓutar da rayuka 5 shi ya ci.

Ku lura da wannan da kyau, gama a nan yawancin yara suke tuntuɓe. Ba wanda ya karkashe miyagu da yawa yake cin wasa ba, sai wanda ya fito da mutane daga bauta. Duk katin da ba ya taimakon wannan aiki, ko yaya yake da kyaun gani, kaya ne kawai a wuyanka.

Shawara ta fari, kada dami ya yi kauri. Yaro yakan so ya zuba dukan katunan da ya mallaka, har su kai 70. Amma da ka wuce 56, doka ta ce ka ƙara Ɓataccen Rai, haka kuma bayan kowane kati 7 da ka ƙara. Watau kana ƙara wa abokin karawarka abin kuɓutarwa, katinka mai kyau kuwa yana ƙara nutsewa a ƙasan dami. Mukan tuna wa yara da Gidiyon a Littafin Mahukunta sura 7, wanda ya fara da mutum 32,000, aka rage su zuwa 10,000, aka sāke ragewa har suka zama 300. Ka tsaya a kan 50.

Ta biyu, a yi lissafi. In an cire rayuka 7, saura 43. Mu a nan mukan raba su haka: jarumai 9, katunan taimakonsu 11, miyagu 8, katunan taimakonsu 9, sa'an nan 6 na musamman waɗanda ake jefawa a kowane lokaci. Mun yi wannan lissafi a allo tare da 'yan aji 6. Mai jarumai 9, kusan sau 1 cikin wasa 8 ne zai buɗe hannunsa na fari bai ga jarumi ko ɗaya ba. Mai jarumai 5 kuwa, sau 1 cikin 3. Wanda ba shi da jarumi a hannu, zama zai yi yana kallo. Tun daga ranar nan ba wanda ya ƙara tambayarmu amfanin darasin kashi-kashi.

Ta uku, a riƙe launi ɗaya. An rarraba jarumai runduna runduna, kowace da launinta, haka kuma miyagu. Katin taimako ba ya aiki sai launinsa ya yi daidai da na wanda za a taimaka. In jaruminka ja ne, taimakon da yake hannunka kuwa shuɗi, to, kana da fartanya da ƙotar gatari. Ka zaɓi launi 1 na jarumai da 1 na miyagu, in ya yi yawa 2. Dawuda ya tuɓe kayan yaƙin Saul ba domin ba su da kyau ba, amma domin bai saba da su ba. Ya tsinci duwatsu 5 da suka dace da majajjawarsa.

Ta huɗu, kada a raina ƙananan katuna. Dokar wasan ta ce wanda ake rinjaya a cikin karo, shi yake da izinin jefa katin taimako. Saboda haka mai ƙaramar lamba sau da yawa shi yake fara jefawa, in kuwa abin da ya jefa ya kawar da abokin gāba, ƙaton bai sami zarafin ɗaga hannu ba. Yanzu za mu ba ku labarin da ya koya mana wannan fiye da allo.

A gasarmu ta Kirsimeti 2022 akwai wani yaro ɗan aji 6, mai ƙwaƙwalwa ƙwarai. A wurinmu ba a sayen kati. Yaro yakan sami kati in ya nemo ayar da kansa, ya kuma ba da labarin a gaban aji. Wannan yaro ya fi kowa tarawa. Ya ɗaura dami mai kati 63, jarumai 20 daga kowane launi, su Samson da Joshuwa da Dawuda da Iliya, miyagu kuwa 4 tak, gama ya ce shi ba ya son riƙe katin mugu. Muka ce masa, “Ɗana, gonar da ba shinge fa?” Ya ce, “Malam, kafin su shigo na riga na gama.”

A karon ƙarshe ya gamu da wata yarinya 'yar aji 5, marar yawan magana. Iyalinta sun taso daga wani ƙauye na bakin daji. A shekarar da ta gabata an tare motarsu mahaifinta a kan hanyar Kaduna, aka shiga da shi daji, bai dawo ba sai da aka sayar da amfanin gona da shanun huɗa. Daminta kati 50 ne cif, launi ɗaya, ta gina shi a kan labarin Elisha. Katin da ta fi so shi ne na yarinyar nan ta 2 Sarakuna sura 5, wadda maharan Suriya suka sato daga ƙasar Isra'ila, ta zama baiwar matar Na'aman. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ko sunanta ba. A wasanmu lambarta 1 da 1, ba katin da ya kai ta ƙanƙanta. Amma mun ba ta aiki daidai da labarinta: in ta shiga karo, tana iya kiran Elisha daga cikin dami.

Abin da ya faru ke nan. Hannun yaron ya cika da manyan jarumai, amma jarumi ɗaya yake fita a juyi, taimakon da yake jawowa kuwa sau da yawa ba launinsa ba ne. Ita kuwa in ta fito da 'yar baiwa, ko dai ba shi da mugun da zai tare ta, ko kuwa ya tare ta da ƙato, izinin jefawa ya koma wurinta. Wasa ya tashi 5 da 2. Yaron ya yi kuka, amma bayan Sabuwar Shekara ya zo da kansa ya ce, “Malam, a taimake ni in rage damina.” Da muka zauna, shi ya cire Samson da hannunsa.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mana a rai ba. Ran da muka fara koya wa yarinyar nan wasan, muka faɗi sunansa, sai ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, nawa ne kuɗin fansar?” Ajin ya yi tsit. Mu da muka yi shekara da shekaru muna koyar da wannan kalma, ba mu lura ba ashe 'ya'yanmu sun koye ta a wani wuri dabam, a bakin manya masu raɗa da dare, ana ƙirga buhunan masara. A wurinsu fansa ita ce abin da yake cinye rumbu. Muka ce mata, “'Yata, a wannan wasa iyalin wanda aka kama ba sa biyan ko kwabo. Wani ne yake shiga ya fito da shi.” Sa'an nan muka buɗe Markus sura 10 muka karanta tare, inda Ubangiji ya nuna cewa ransa ne abin da ya zo ya biya. Ba mu ce kati yana ceton kowa ba, kwali ne da tawada. Amma ya buɗe mana ƙofar maganar da muka daɗe muna kewayewa.

Ba kowa ne ya yi murna da wannan wasa ba. Wani dattijon ikkilisiya ya same mu ya ce, “Malam, karta karta ce, ko an rubuta mata aya. Ga shi kuma kun ba 'ya'yanmu Fir'auna su riƙe.” Muka ce, “Baba, maganarka tana kan hanya, zo ka zauna ka gani.” Ya zauna, ya gani, ya kuma ba mu dokoki 3 waɗanda muke bi har yau. Ba a sa kuɗi ko wani abu a kan wasa, ko da alewa ce. Ba a musayar kati sai a gaban babba. Ba a yin wasa a lokacin sujada ko aikin gida. Game da Fir'auna kuwa, muka amsa masa cewa Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye miyagu ba, yaron da ya san yadda Haman ya ƙulla makircinsa zai fi gane abin da Esta ta yi. Bai yarda duka ba, amma shi yake riƙe mana agogo a ranar gasa.

Mu ma muka ƙara doka ta 4. Wani yaro ya zana Goliyat da bindiga, ya rubuta sunan wata kabila a ƙarƙashinsa. Muka karɓi katin, muka ba shi sabon kwali. Ba a sa sunan kabila ko addini ko maƙwabci a kan katin mugu. A cikin wasan na asali akwai katunan da suke juyar da mugu ya zama jarumi, mu ma muna da su, gama Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya shi ne Bulus. Na'aman kuwa shugaban yaƙin ƙasar da ta sace yarinyar nan ne, ita ce kuma ta nuna masa inda zai warke. A Nuwamba 2024, sa'ad da gwamnatin jiha ta yi sulhu da waɗansu daga cikin mutanen daji, aka kuma sāke buɗe kasuwar shanu ta garinmu, yara suka tambaye mu ko wanda ya kama ubansu yana iya juyawa. Wannan tambaya ta fi ƙarfin malami ɗaya, ba mu kuwa yi musu alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba. Muka ce Allah yana iyawa, mu kuma sai mu yi addu'a, mu yi hankali.

To, iyaye, ga abin da muke roƙonku. Ba sai kun aika Amurka ba. Kwali 3, da almakashi, da fensir mai launi, da Littafi Mai Tsarki sun isa. Ku zaɓi labari ɗaya, na Musa ko na Esta ko na manzanni, ku bar yara su nemo mutanen da suke ciki, na kirki da miyagu, manya da ƙanana. Kada uba ya ɗaura wa ɗansa dami. Bari ya ɗaura da kansa, a cinye shi, sa'an nan ku tambaye shi, “Wane kati ne ya zauna a hannunka bai yi aiki ba?” Wannan shi ne katin da zai cire. Ku kuma kasa kunne ga abin da yara suke faɗa sa'ad da suke wasa, gama a nan za ku ji abin da ba sa faɗa muku a gaban tuwo.

A wannan wata iyali su karanta 2 Sarakuna sura 5 tare, ku kuma tuna da waɗanda ba su dawo gida ba tukuna a cikin addu'arku ta dare. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu nuna yadda ake ba kowane kati lambarsa ba tare da son zuciya ba. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka. Amin.