Ladabi Ga Wanda Ba Ka Sani Ba

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu, domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Ba zancen darasi ba ne, ba kuwa na jarrabawa ba. Zancen yadda mu ke yi wa junanmu ne a kan hanya, da kasuwa, da tasha, da sauran wuraren da bukatar yau da kullum ta ke haɗa mutum da wanda bai sani ba.

Ran wata Asabar cikin watan Agusta na shiga garin Jos da saƙo uku: in ciro kuɗi, in sayo wa abokin ɗakina magani sabo da zazzaɓi ya kwantar da shi, in kuma auno mana gari da wake. Aikin da bai kamata ya wuce sa'a biyu ba ke nan. Amma ban komo ba sai da rana ta yi sanyi, tufafina duk taɓo, zuciyata kuwa ta fi tufafin ɓaci.

Ga yadda aka yi. Na tarar da layi a bakin na'urar cirar kuɗi ta wani banki, mutum wajen ashirin, na bi baya na tsaya. Muna nan ana yayyafi, sai ga wani mutum ya fito daga mota, ya sha babbar riga, yana kaɗa makulli a yatsa. Bai ce wa kowa uffan ba, ya wuce mu duka ya tsaya a gaba. Wani dattijo da ke gabana ya ce masa, "Maigida, ai layi a ke bi." Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka san ko ni wane ne?" Dattijo ya yi shiru, mu ma duk muka yi shiru.

Daga nan na tafi wani kantin magani. Yarinyar da ke sayarwa tana ta latsa waya, na gaishe ta har sau biyu ba ta ɗaga kai ba. A na uku ta ce, "Mene ne?" Na faɗi abin da na ke so, ta ɗauko ta jefa bisa tebur, canjina ma haka ta wurgo shi, har naira hamsin ta faɗi ƙasa na sunkuya na ɗauka. Na fito ke nan zan nufi kasuwa, sai wata mota ta zo a guje ta faɗa cikin wani rami mai ruwa, ta yi mini wanka da taɓo tun daga ƙirji har ƙafa. Direban ya gan ni sarai, amma ko ɗaga hannu bai yi ba.

Mutum ɗaya kaɗai ya ce mini sannu a wannan rana, watau wata tsohuwa mai sayar da dankalin Turawa a bakin hanya. Hausarta ma ba ta nuna sosai ba, daga ji ka san ba harshen gidansu ba ne. Ta ce, "Kai, sannu ɗana, sannu!" Ta miƙo mini ruwan da ta kawo domin shanta, ta ce in wanke fuska. Ba ta san ni ba, ban kuwa sayi kome a wurinta ba.

To, jama'a, akwai abu guda da na bari ban faɗa ba game da mai babbar rigan nan. Da ya gama cirar kuɗinsa ya juyo, sai ya yi kiciɓis da wani wanda ya sani. Ku zo ku ga gaisuwa! Har da rusunawa, da hannu biyu, ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Hajiya, yaya yara. Sai da suka yi minti biyar suna gaisawa, sun kuma tare hanya. A nan na gane ashe mutumin nan ba jahilin ladabi ba ne. Ya san shi sarai, ajiye shi ya ke yi, sai ya ga wanda ya sani sa'an nan ya fito da shi, kamar yadda a ke ajiye tufafin zuwa biki.

Wannan ita ce cutarmu a ganina. Babu kabila a ƙasar nan da ba ta san gaisuwa ba. Bayarabe ya kan kwanta ƙasa ya gai da na gaba da shi, matarsa ta durƙusa. Bahaushe ya kan tsuguna, ya tambayi gida da gajiya da sanyi. Haka Birom, da Angas, da Tarok, da Ibo, ko wanne da irin tasa girmamawa. Amma duk mun taru mun mai da ladabi abin ciniki: mu kan ba wanda ya san mu, ko wanda mu ke tsoro, ko wanda mu ke sa ran samun wani abu a hannunsa. Wanda ba mu sani ba kuwa, ba mu ɗauke shi mutum ba, wani abu ne kawai da ya tare mana hanya. Ladabin da sai an san ka a ke yi maka ba ladabi ba ne, bashi ne a ke bayarwa domin a biya.

Me ya jawo haka? A ƙauye, inda yawancinmu muka tashi, ba ka da ikon yi wa kowa rashin kunya, gama kafin ka isa gida labari ya riga ka, an ce ɗan wane ne ya yi. Kunyar idon sani ita ke tsare mu. Yanzu kuwa jama'a ta yi yawa, garuruwa sun cika. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da ɗoriya, ta 2006 kuwa ta ce miliyan 140. A gari kamar Jos sai ka wuni kana yawo ba ka gamu da wanda ya san ubanka ba. Mun baro mai tsaronmu a ƙauye, ba mu kuwa sami wani a madadinsa ba.

Na san waɗansu za su ce, "Ai wahala ce ta yi wa mutane yawa, mai jin yunwa ba ya fara'a." Lalle akwai gaskiya a ciki. Dukanmu mun ga abin da ya faru a farkon 2023, bayan da aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi wuya. Mutane suka riƙa sammako zuwa banki su wuni a layi, aka yi ta zage-zage da dambe, a waɗansu garuruwa har aka farfasa bankuna. A ƙarshen watan Mayu na shekarar nan kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kome ya bi shi. Ban musa ba, ƙunci ya kan gajarta haƙuri. Amma ku tuna da mutanen da na gamu da su ran Asabar ɗin nan. Wa ya fi shan wahala, mai mota da babbar riga, ko tsohuwar da ke zaune cikin yayyafi tana jiran mai sayen dankali? Ga shi kuwa ita ce ta ce sannu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Waɗansu kuma za su ce, "Mutanenmu sai da bulala." Wannan ma an gwada. A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, abin da aka fara da shi kuwa shi ne bin layi. Ba a haife ni ba a lokacin, amma mahaifina ya kan ba mu labari, ya ce sojoji su kan tsaya a tashoshin mota da bulala, ma'aikacin da ya makara kuma a sa shi tsallen kwaɗo. Layi ya miƙe kamar an ja zare. A watan Agusta na 1985 aka hamɓarar da gwamnatin, ba a daɗe ba layi ya koma yadda ya ke. Bulala ta iya sa mutum ya tsaya bayan ɗan'uwansa, amma ba ta iya sa shi ya ga darajar wanda ke gabansa ba.

Kada mai karatu ya zaci ina wanke kaina ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in faɗi nawa, ko da ya ke wanzami ba ya son jarfa.

Bara, lokacin gwajin koyarwa, an tura ni wata makarantar firamare a bayan gari, aka ba ni aji huɗu. Ran wata Laraba na yi musu darasi a kan ladabi. Na rubuta a allo, na sa suka maimaita, malamin da ya zo duba ni ya ba ni maki mai kyau. Ran Jumma'a da yamma na je tasha, mota ɗaya ta rage, wurin zama kuma ɗaya. Akwai wata mace da goyo da ƙunshin kaya, ta riga ni zuwa, har ta sa ƙafa za ta hau. Yaron motar ya san ni, sai ya ce, "Malam, zo ga wurinka." Ban tsaya tunani ba, na ratsa ta gefenta na ɗan ture ta da kafaɗa, na shige na zauna. Ta bi ni da kallo, ni kuwa na mai da fuskata wajen taga.

Ran Litinin ina cikin kiran suna, sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, matar da ka ture a tasha ran Jumma'a, mamana ce. Asibiti za ta kai ƙanena." Ajin ya yi tsit, yara arba'in suna dubana. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Darasin Laraba duk ya rushe a wuri ɗaya, ni da kaina na rushe shi.

Da aka tashi na bi yarinyar har gida na ba uwarta haƙuri. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce yaron ya sami sauƙi, washegari ta kai shi. Sa'an nan ta ce, "Ba kome, Malam, ai ba ka san ni ba ne." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, amma maganar nan ta fi zagi yi mini ciwo. Watau har ta yarda cewa wanda bai san ta ba yana da ikon ture ta. A makarantar mishan da na yi an koya mana mu tashi tsaye in babba ya shigo, mu karɓi abu da hannu biyu, mu ba tsoho wurin zama. Na iya su duka, ashe na ɗauke su dokar makaranta ce, in an fita ƙofa a bar ta a can.

To, ya ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai, ina ganin gyaran nan a hannunmu ya ke fiye da hannun soja ko ɗan sanda. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ɗanyen iccen kuwa mu za a danƙa wa. In ko wannenmu ya koyar da yara arba'in a shekara har shekara talatin, mutum 1,200 ke nan suka bi ta hannunsa. Cikinsu akwai direbobin gobe, da masu kanti, da ma'aikatan banki da na asibiti. Amma yaro ba abin da ka rubuta a allo ya ke ɗauka ba, abin da ya ga ka yi a tasha shi ya ke ɗauka.

Sabo da haka mu fara daga nan cikin kwaleji. Mu dubi yadda mu ke turereniya a ɗakin cin abinci da bakin famfo, da yadda na ajin ƙarshe ya ke sa bokitinsa gaban na sabon shiga. Mu nawa ne muka san sunan masu dafa mana abinci, ko muka taɓa ce wa mai shara sannu da aiki? In mun shiga gari, mu gai da mai kanti kafin mu tambayi kuɗin kaya. Mu miƙa kuɗi a hannu, kada mu jefa. In mun taka wani mu ce ya yi haƙuri. In mun tarar da layi mu bi baya, ko da mai tsaron ƙofa ɗan garinmu ne. In kuwa wani ya tsallake layi, dattijo ya yi magana, kada mu bar shi shi kaɗai kamar yadda muka yi ran Asabar ɗin nan. Mu goyi bayansa da magana mai laushi, ba da zagi ba, gama mutum ashirin in sun ce a'a tare, ba mai babbar rigar da zai ƙi ji.

Duk waɗannan ba sa cin ko kwabo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mu tuna kuma, da zarar mun gama aka rarraba mu, yawancinmu garin da ba a san mu ba za a kai mu, mu ne za mu zama baƙin da a ke turewa. Wanda ba ka sani ba ɗan wani ne, uwar wani ce, wataƙila ma uwar yarinyar da ke zaune a bencin gaba cikin ajinka.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.