Dubiyar Mako Guda, Jinyar Shekara

Ba na yarda idan na ji ana cewa tausayi ya ƙare a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a asibiti ya san ba haka ba ne. Kafin la'asar ƙarƙashin gado ya cika da kwanuka da filas na kunu, wannan ya kawo lemo da ayaba, wancan ya tura dubu ɗaya ƙarƙashin matashi ya ce a sayi sabulu. Abin da ke damuna shi ne gajartar ran wannan tausayi. A makon farko sai an kori 'yan dubiya daga ɗakin marasa lafiya. A mako na uku sai dangi na jini. Idan aka shiga wata na huɗu, daga matar mutum sai mahaifiyarsa, in tana raye.

Ba mugunta ba ce. Taimakon da muka gada an gina shi ne a kan cutar da ke zuwa ta wuce: zazzaɓi, haihuwa, karaya, haɗarin mota. Cikin 'yan kwanaki ko a tashi ko a koma ga Allah. Amma cututtukan da ke tsiyata gidaje a yau, irin su ciwon ƙoda da ciwon daji da shanyewar ɓarin jiki da sikila, zama suke zuwa yi. Kuɗin da suke ci ba na rana ɗaya ba ne, na kowane mako ne, kuma ba sa tambayar ko an yi albashi.

Akwai wani tela a layinmu, mutumin kirki, mai iyali. Ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ɗauka zaman keke ne. Ya riƙa zuwa kemis ana haɗa masa maganin ciwon jiki yana sha yana komawa aiki, domin lokacin ɗinkin sallah ne. Sai da amai ya ƙi tsayawa, fuska ta tasa, sannan aka kai shi asibiti. Gwaji ya nuna ƙodojinsa biyu sun gaza, kuma likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana ɗauke da shi bai sani ba. Aka ce sai wankin ƙoda. Ga wanda bai taɓa gani ba, inji ne ake haɗa mutum da shi, ya zuƙe jininsa ya tace dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ya mayar masa, wajen awa huɗu a zama ɗaya. A ƙa'idar likitoci sau uku ake so a mako. Kuma wanki ba ya warkar da ƙodar da ta riga ta mutu, riƙe rai kawai yake yi har a samu dashe, in za a samu.

A yi lissafi. A shekarun nan wanki ɗaya ya kai naira 50,000 a asibitoci da dama. Sau uku a mako, naira 600,000 ke nan a wata. A 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, kuma wannan abin a yaba ne. To amma ko a wannan farashi, wata guda zai ci naira 144,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ba a sa allurar da ke ƙara jini ba, ba a sa gwaje-gwaje da maganin hawan jini da kuɗin mota ba, ba a sa abin da yara za su ci ba, tunda mai nema shi ne a kwance. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, wato gwanintar tana nan a gida, amma dashe maganar miliyoyi ce, kuma bayansa akwai maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. Shi ya sa binciken likitoci a asibitocin koyarwa na ƙasar nan ya sha nuna cewa mafi yawan waɗanda suka fara wanki ba sa iya wuce wata uku suna yi.

Jama'ar layinmu sun yi abin da ya kamata. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, aka shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci. Abokan sana'arsa suka yi karo-karo. Waɗanda suka yi firamare tare suka tura nasu ta waya. An tara kuɗin da ban taɓa zaton unguwarmu za ta iya tarawa ba, kuma na ga dattijuwar da ta kwance bakin zane ta ba da abin da ta samu a cinikin ƙosai. Kuɗin bai rufa wata biyu ba.

Daga nan gidan ya fara cin kansa. Aka sayar da filin gado, aka sayar da sarƙa da 'yan kunnen matar, aka bi da kayan ɗakinta. Daga ƙarshe keken ɗinkin ya tafi, wanda shi ne abin da za a koma wa in an samu sauƙi. Babbar 'yarsa ta daina zuwa makaranta don ta riƙe ƙannenta. Shi kuma ya fara rage wanki da kansa, daga uku zuwa biyu zuwa ɗaya, yana cewa, "Yau na ji dama-dama, a bari sai mako mai zuwa." Kowa ya san ba dama-dama ya ji ba, tausayin iyalinsa yake ji. Wata rana matarsa ta ce da mai ɗakina, "Yaya, wallahi kunyar buga wa mutane waya nake ji. Da sun ga lambata sun san abin da zan faɗa." Bai kai shekara ba Allah ya karɓi abinsa. A kwana ukun zaman makoki, shinkafa da taliya da kuɗin da suka shigo gidan sun fi abin da ya shigo a watanni ukun ƙarshe na jinyarsa. Mutanen nan da gaske suke kuka. Da an samu wata hanya da za ta rarraba alherinsu a kan watanni, da bai riƙa ƙirga kwanakin da zai iya jurewa ba wanki ba.

Idan unguwa ta gaji, abin da ya rage shi ne a fita da ƙoƙon bara duniya ta gani. A ɗauki bidiyon mara lafiya, a yaye zane a nuna kumburin ciki ko gyambon nono, a sa lambar asusu a ƙasa, a watsa a Facebook da WhatsApp, ko a kai kuka gidan rediyo. Ba na zargin masu wannan aiki. Da yawansu don Allah suke yi, kuma akwai rayukan da suka tsira ta hannunsu. Amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da cewa sai mace ta buɗe abin da ta yi shekara tana ɓoye wa maƙwabta sannan za mu buɗe aljihu ba. Musulunci da al'ada duk sun hore mu da rufin asiri. Sannan wannan hanya ba ta da adalci. Wanda ya san mai mabiya da yawa, ko wanda hotonsa ya fi tayar da hankali, shi ke samu. Manomin da ke kwance a wani ƙauye a ƙasar Bade ko Haɗeja, yankunan da ciwon ƙoda ya addaba shekara da shekaru, wa zai ɗauke shi bidiyo? Ga kuma 'yan damfara da ke yawo da hotunan marasa lafiyar da ba su sani ba, waɗanda suka sa masu niyyar bayarwa suka fara ɗari-ɗari.

Ban wanke gwamnati ba, kuma ba zan wanke ta ba. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, har da asusu na musamman don marasa galihu. Dokoki sun yi kyau a takarda, amma je ka bakin asibiti ka tambayi masu shimfiɗa tabarma a baranda mutum nawa ne ke da katin inshora. Wajibi ne mu ci gaba da matsa wa 'yan majalisa da gwamnoni. Sai dai wanda za a yi wa wanki ranar Talata ba zai jira kasafin baɗi ba.

Abin da nake kira gare shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun iya tanadi in mun ga dama. Uwa takan shiga adashe shekara biyu kafin auren 'yarta. Ana fitar da anko wata uku kafin biki, kuma kowa ya biya. Kakanninmu sun san gayya, yau gonar wane, gobe ta wane. Cuta kaɗai muka bari sai ta faɗo mana sannan mu fara gudu. Unguwa mai gida ɗari biyu, in kowane gida zai ba da naira dubu a wata, an samu naira 200,000 duk wata, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu a shekara. Ba zai yi dashen ƙoda ba, na sani. Amma zai iya ɗaukar wani kaso na jinyar gida ɗaya ko biyu a kai a kai, ta yadda matar mara lafiya za ta san ranar ɗaya ga wata akwai abin da zai shigo ba tare da ta buga wa kowa waya ba.

Kuma da ni ne mai riƙe da asusun, kuɗin farko ba ga wanki zai tafi ba. Zan sayi na'urar awon jini da ta awon suga, in roƙi wani ma'aikacin lafiya na unguwa ya riƙa zama a ƙofar masallaci da makarantar Islamiyyar matan aure sau ɗaya a wata. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda, kuma maganinsu na wata guda bai kai kuɗin wanki ɗaya ba. Na biyu, zan yi wa gidajen da suka fi rauni rajista a hukumar lafiya ta jiha, irin tsarin taimakekeniya da Kano ke da shi. Mafi yawan irin waɗannan tsare-tsare ba sa ɗaukar wanki na dindindin, amma suna sa mutum ya ga likita tun ƙafa na fara kumbura, maimakon ya tsaya a kemis.

Na san za a ce tara kuɗi don cutar da ba ta zo ba kamar kiran cuta ne, ko raunin tawakkali. Wasu kuma da sun ji kalmar inshora sai su tuna riba da caca. Malamai su suka fi cancanta su yi wannan bayani a kan mumbari, amma ko ɗalibi ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa saboda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tattara abin da kowa ke da shi wuri ɗaya su raba daidai. A kan irin wannan tushe aka gina takaful, wanda hukumar inshora ta ƙasa ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi aka riƙa tafiyar da shi, ana duba mai kuɗi da talaka. Mu a nan attajiri zai gina masallaci na uku a layin da ke da biyu, amma da wuya ka ji wanda ya tsayar da shaguna goma ya ce kuɗin hayarsu na masu wankin ƙoda ne har abada. Hukumar zakka da waƙafi ta Sakkwato ta daɗe tana biya wa mabuƙata kuɗin magani, alama ce cewa abin yana yiwuwa. Zakkar da ake cusawa a ambulan ana raba wa ɗaruruwan mutane dubu biyar-biyar a ƙofar gida, in an tattara wani kaso nata, za ta riƙe ran magidanci shekara guda.

Babbar matsalar ita ce amana, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙungiyoyi nawa ne suka watse a kan kuɗin da ma'aji ya ce ya ranta zai mayar? Maganin wannan littafi ne da biro. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, kuma lallai a sa mace a ciki, domin mata su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Kada a damƙa wa kowa tsabar kuɗi, a biya asibiti ko kantin magani kai tsaye a karɓi rasit. Duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a, ba tare da kiran sunan wanda aka taimaka wa ba. Mai unguwa da liman su zama shaidu, kada su zama masu riƙe kuɗi, don a tsare musu mutuncinsu.

Wanda ba shi da naira dubu ma yana da abin bayarwa. Mai ciwon ƙoda da mai sikila da mai ciwon daji duk suna yawan buƙatar jini, kuma leda ɗaya daga matashi mai lafiya ta ɗauke wa iyali kuɗi da zirga-zirga. Ɗan Adaidaita Sahu na iya ɗaukar nauyin kai mara lafiya asibiti rana ɗaya a mako. Mai makarantar unguwa na iya ɗage wa yaran gidan kuɗin zango. Matan layi na iya yin karɓa-karɓa, a rubuta sunaye a takarda, wance Litinin, wance Alhamis, domin mai jinya ta samu ta koma gida ta yi wanka, ta ga 'ya'yanta, ta yi barcin dare ɗaya a kan katifa. A rubuta jerin ya kai wata shida tun daga ranar da likita ya ce jinyar mai tsawo ce, kuma a sa mutum ɗaya ya riƙa tuna wa kowa ranarsa.