Wa Ya Isa Ya Hana Ɗan Gida Tuwon Sallah?



Akwai wata magana da muka daɗe muna haɗiyewa, amma yau mun ga babu amfanin ci gaba da nuƙu-nuƙu, tun da masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muka fito daga Damari da ƙauyukan da ke kewaye da ita a kudancin Jihar Katsina, watau yankin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, mun dawo makaranta daga hutun Babbar Sallah da wani abu da ya tsaya mana a maƙogwaro, ya ƙi wucewa.

A wani gida da muka sani an yanka rago ranar idi, an feɗe, an rataye, kashegari aka zauna rabon nama. Tsohuwar gidan ta ware kaso guda ta ce a kai wa ƙanen mijinta, wani dattijo Bamaguje da ke zaune can gidan gona, wanda bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba. Shekara da shekaru haka ake yi, shi kuwa in kaka ta yi yakan aiko da damin dawa. Sai wani saurayi jikanta, wanda zango biyu rak ya yi a jami'a, ya miƙe ya ce naman nan ba ya fita, domin Sallah ta masu salla ce. Bai tsaya nan ba, ya juya kan wansa da ya zo daga Ikko, wanda kowa ya san ya yi sakaci da ibada, ya tambaye shi a gaban ƙanne da matan gida, wai me ya kawo shi? Wan bai ce uffan ba. Da asuba ya saɓi jakarsa ya kama hanya. Tsohuwa kuwa ta wuni ba ta sa ko ruwa a bakinta ba.

Wannan saurayi ɗaya daga cikinmu ne, kuma ba shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu tambayi kanmu a fili: shin wanda ba ya bin addini, ko ya bi wani dabam, ko ya yi masa riƙon sakainar kashi, yana da rabo a bikin Sallah na gidansu? Amsarmu ita ce yana da shi, kuma wanda ya hana shi ya yi wa gidan ɓarna, bai kuma yi wa addini wata hidima ba.

Bari mu fara da tantance mutanen da ake magana a kansu, don kada a yi musu kuɗin goro. Na farko su ne Maguzawa, Hausawa na asali waɗanda suka riƙe bautar iskoki ta kakanni. Kuskure ne a kira su marasa addini, suna da nasu, sai dai ba su da idi. Masana da dama na ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar Majusu, matsayin da ya ba su damar zama cikin amana a ƙarƙashin sarakunan Musulunci, suna biyan jiziya, suna nomansu. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da su a ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya kuma buga littafinsa a 1946, ya nuna yadda Musulunci ya ratsa tunaninsu har suna kiran sunan Allah a matsayin Mahalicci. Murray Last kuma ya zauna a gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyarmu, wajen farkon shekarun 1970. Na biyu su ne Hausawa Kiristoci, waɗanda yawancinsu jikokin Maguzawan nan ne, ga su nan birjik a yankin Malumfashi da Ƙafur. Sau da yawa za ka tarar kaka ɗaya ce ta haifi reshen da ke zuwa masallaci da reshen da ke zuwa majami'a. Na uku su ne waɗanda aka raɗa wa suna da rago, aka kai su makarantar allo, amma daga baya imaninsu ya yi sanyi, ko shakka ta shige su. Waɗannan ba sa shela, kuma kowa ya san dalili, musamman tun da wata kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala ɗaurin shekara 24 a 2022, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa shekara 5 a 2024. Amma rashin shela ba ya nufin babu su. Suna cikin ɗakunan kwananmu, kuma in Sallah ta ƙarato su ne kan gaba a layin tasha.

Me ke kai su gida? Uwa ce, da ƙanne, da ƙamshin suyar da suka tashi suna ji tun suna tsirara. Domin kuwa Sallah a ƙasar Hausa ƙofa biyu gare ta. Ƙofa ta farko ita ce ta ibada: tsayuwa a filin idi, kabbarori, zakkar fid-da-kai, da layya. Wannan ƙofa ba a shigarta sai da imani da niyya, kuma babu mai hankalin da ya taɓa cewa tsohon Bamagujen nan yana neman lada a cikinta. Shi kansa bai ce ba. Ƙofa ta biyu ita ce ta zumunci: ɗinkin yara, kitso da lalle, tuwon Sallah da ake kai wa gida-gida, goron Sallah, yawon gaishe-gaishe, da kallon hawa. Wannan ƙofa kakanninmu ne suka gina ta, suka kuma yi ta da faɗi da gangan, don gida duka ya shiga.

In ana musu, a gaya mana wanne ne rukunin addini a cikin hawan Sarkin Katsina da dawakai da 'yan bindiga da algaita. A gaya mana a wane babin fiƙihu aka wajabta Sallar Gani ta Daura, ko hawan Dutsen Dala ranar Takutaha a Kano, ko tashen da yara ke farawa in azumi ya kwana goma, ko kuɗin shara da taubasai ke karɓa a watan Cika-ciki. Duk waɗannan al'adu ne da Bahaushe ya jingina a jikin kwanakin Musulunci, kamar yadda ake jingina rumbu a jikin katanga. Wasu malamai sun soki waɗansunsu, wasu sun ƙyale, amma babu wanda ya ce sai an nuna shaidar alwala kafin a ci waina.

Masu rufe ƙofa suna cewa addini suke kishi. To, mu ma mun zauna gaban malamai, mun kuwa ji labarin Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirka, ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. Mun ji na Abdullahi ɗan Amru, wanda aka yanka akuya a gidansa ya dinga tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuwa kowane almajiri ya san ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba. Ba za mu ɓoye ba, a kan naman layya musamman akwai saɓani a cikin mazhabarmu ta Malikiyya: akwai malaman da suka karhanta bai wa wanda ba Musulmi ba, akwai kuma waɗanda suka sauƙaƙa in yana cikin iyali ko ya zo gida baƙunci. Amma karhanci dabam, haramci dabam. Yanke zumunci kuwa babu saɓani a kan girman zunubinsa. Wace irin dabara ce mutum ya guje wa abin da aka yi saɓani a kansa, ya faɗa cikin abin da kowa ya haɗu a kan muninsa? Wannan shi ne gudun gara, faɗawa gidan zago.

Game da wan da ya yi sakaci da salla, muna tambaya: tun da aka kunyata shi ya koma Ikko, raka'a nawa aka ƙara masa? Da an bar shi, da wataƙila ya bi ayarin gida zuwa filin idi a Sallah mai zuwa, ko don kunyar tsohuwa. Mutane nawa muka sani waɗanda igiyar gida ce ta jawo su suka dawo kan hanya bayan shekaru suna gantali? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da ke cikin zuciyar bawa kuwa, ba a naɗa ɗan aji ɗaya na jami'a alƙalinsa ba.

Kada a zaci mu kaɗai ke fama da wannan tambaya. A Amurka, binciken da cibiyar Pew ta yi a 2013 ya nuna kashi 81 cikin 100 na waɗanda ba Kiristoci ba suna bikin Kirsimeti, akasari a matsayin bikin al'ada. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet, gwamnatin da ta yaƙi addini ta hana itacen ado na Kirsimeti, amma a 1935 dole ta mayar da shi da sunan bikin sabuwar shekara, domin ta gane ba a raba mutane da ranar taruwarsu. Kusa da mu, a Senegal, Musulmi na aika wa maƙwabtansu Kiristoci naman Tabaski, watau Babbar Sallah, su kuma Kiristoci in bikin Ista ya zo su raba wa Musulmi wani kunun gero da gyaɗa da kuka da suke kira ngalakh. Ba mu ji an ce Musuluncin Senegal ya narke saboda haka ba.

Amma akwai wani tsoro na masu rufe ƙofa da ya cancanci a saurare shi. Suna cewa in aka bar kowa ya shiga, wata rana Sallah za ta zama fanko, ci da ado kawai, kamar Kirsimetin Japan, ƙasar da Kiristocinta ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin 100 ba, inda tallar da kamfanin KFC ya fara a 1974 ta mai da ranar ta cin soyayyar kaza. Tsoron gaskiya ne, sai dai an ɗora laifin inda ba ya nan. Wa ke mai da Sallah fanko a garuruwanmu? Shin tsohon da ke gidan gona ne, ko kuwa mai kuɗin da ke ɗaure rago a ƙofar gida mako biyu don a gani, sa'an nan ya cusa naman duka a firji, almajiri bai ga ko ƙashi ba? Shin wan da ya zo gaida uwarsa ne, ko kuwa maigidan da ya ci bashin shadda alhali bai fitar da zakkar kono ba? Masu salla ne ke da ikon raya ibadar Sallah ko kashe ta. Baƙon akushi ba shi da hannu a ciki.

Haka kuma ba za mu ƙyale ɗaya ɓangaren namu ba, watau 'yan bokon da suka karanta littafi biyu suka ɗauka sun gama da addini, sa'an nan su zo gida ranar Sallah suna taɓe baki, suna yi wa tsofaffi ba'a, suna kwance ana tafiya idi, amma in an sauke tukunya su ne na farko da wanke hannu. Ku sani, in kun ce don al'ada da zumunci kuka zo, to al'ada ma tana da haraji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka durƙusa ka gaida manya, ka sa hannu a kuɗin cefane, ka riƙe ƙafar rago ana fiɗa, ka kai ƙannenka gidan gwaggo, ka kuma kame bakinka daga abin da mutanen gida suka ɗauka da tsarki. Ba a nemi ka yi ƙaryar abin da ba ya zuciyarka ba, ladabi kawai aka nema.

Me ya sa muka tsananta a kan loma ɗaya ta tuwo? Domin mun san abin da ya sami ƙasarmu. A ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ta yadda na nesa ya kasa ko jin muryar nasa. Gidaje sun watse, wasu Funtuwa, wasu Zariya, wasu Kano, gonakin masara da auduga sun koma saura. Wanda ya zo da bindiga cikin dare bai tambayi wa ya yi Isha'i ba. Mai salla da Bamaguje da Kirista daji ɗaya suka kwana, kuma in an tashi karo-karon kuɗin fansa, ba a taɓa mayar wa wani kuɗinsa don ba ya alwala ba. Ga iyalai da yawa, Sallah ce kaɗai ranar da ta rage da ake ƙirga juna, a san wa ya rayu, wa ya rasu, wa ya haihu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, namu bangon kuwa ya riga ya sha ruwa. Ashe mu da aka tura neman ilmi da kuɗin dawar iyayenmu, mu ne za mu koma da diga?

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman 'yan kudancin Katsina. Mai wa'azi ya yi wa'azinsa da hikima, a keɓe, a ranar da ba ta taron dangi ba. Mai shakka ya riƙe shakkarsa, ya zo gida da ladabi da ɗan abin hannunsa. In tsohuwa ta ware kaso ta ce a kai gidan gona, ɗalibin jami'a ya kamata ya fara miƙewa ya ɗauki kwanon, ya kai da ƙafarsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, barka da Sallah." Zumunta a ƙafa take.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maimaita mana, ya kuma sa mu ga baɗi da mu da namu duka.