Wasiƙar Akawu: Likitan Dare da Inda Zai Ajiye Motarsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama akwai bashin amsa a kaina. Wani mai karatu daga Runka, cikin ƙasar Safana, ya aiko mini da takarda yana faɗa. Ya ce ya ji a rediyo likitoci masu neman ƙwarewa suna kukan rashin tsaro, da rashin ɗakin kwana, har da rashin wurin ajiye mota a manyan asibitocin koyarwa. Ya ce shi da ya yi damina uku bai taka gonarsa ta bakin Dajin Rugu ba, ina ruwansa da motar likita? Wai in tambaya masa, ashe mai mota ma yana da bakin kuka?

To, Malam, na ji, ban kuwa ga laifinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, naka yoyon kuwa ya fi ƙarfin ƙwarya. Amma ina so ka ba ni kunne kaɗan, don ina ganin maganar nan ta shafi mutumin Runka da na Batsari fiye da mutumin birni.

Bari mu fara sanin ko su wane ne waɗannan likitoci. Yaro ya yi shekara 6 a jami'a yana koyon likitanci. Ya fito, ya yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin manya, ya yi wata shekara ta bautar ƙasa. In yana so ya zama gwani a wani fanni, kamar fiɗa, ko haihuwa, ko ciwon yara, ko ido, sai ya ci wata jarrabawa, kana ya shiga asibitin koyarwa ya yi kamar shekara 5 ko 6 yana aiki yana karatu, ana jarraba shi sau biyu a tsakani. Wannan shi ne likita mai neman ƙwarewa. Watau almajiri ne, amma almajirin da aikin gidan duka ke bisa kansa. Babban likita yakan zaga marasa lafiya da hantsi, ya ba da umurni, in abu ya gagara da dare a kira shi. Wanda ke kwana cikin asibiti, wanda zai fara sa hannu a jikin wanda aka kawo cikin jini, shi ne wannan almajiri.

Yanzu ka dubi halinmu. In mace ta kasa haihuwa a ƙauye, ko harsashi ya sami mutum a ciki, aka kai asibitin Batsari suka ga ya fi ƙarfinsu, sai su rubuta takarda a wuce Katsina, zuwa asibitin Tarayya wanda aka mai da shi asibitin koyarwa a 2022. In can ma abin ya faskara, sai Kano, ko Shika ta Zariya. Mu kuwa ba mu isa da wuri. Sau da yawa direba ba ya yarda ya kama hanya da dare, sai a jira gari ya waye, ciwo yana ta cin mutum. Kowa ya tuna ƙarshen 2021, sa'ad da aka kashe layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu har watanni, ko kiran mai mota ba ya yiwuwa. Saboda haka majiyyacinmu yakan isa a galabaice, yana bukatar likita mai natsuwa, wanda ya ci abinci, ya runtsa, hankalinsa ba ya wani wuri. Mutumin birni in ya ga likita ya gaji, ya koma gida ya dawo gobe, ko ya tafi asibitin kuɗi. Mu ba mu da gobe, ba mu da kuɗin.

To, me ke raba hankalin likita da aikinsa? Ba tatsuniya zan yi maka ba. Ran 27 ga Disamba 2023, 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikata na Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna, suka ɗauke wata likita mai neman ƙwarewa, da mijinta, da wani yaro ɗan'uwansu. Aka saki mijin cikin Maris 2024. Ita ko sai da ta yi wata 10, ba ta fito ba sai ƙarshen Oktoba. Kafin nan, ran 26 ga Agusta, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta tafi yajin aiki na kwana 7 a ƙasa duka saboda ita. Wa ya sha wuyar kwana bakwai ɗin nan? Wanda ya sayar da akuya ya hau mota ya tarar ba mai duba shi. Kada kuma ka ce wannan labarin Kaduna ne. Cikin Janairu 2025, a nan kusa da mu, aka faɗa wa Babban Asibitin Ƙanƙara da dare, aka harbi likita, aka tafi da mutane. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi.

Ba kuma bindiga kaɗai ke kashe su ba, har da sakaci. A Ikko, ran 1 ga Agusta 2023, wata yarinya likita da ke gab da gama shekararta ta farko ta shiga na'urar hawa bene a gidan kwanan likitoci, na'urar ta tsinke da ita, ta rasu. A Kalkata ta ƙasar Indiya, ran 9 ga Agusta 2024, aka tsinci gawar wata likita mai neman ƙwarewa a zauren karatu na asibitinsu, inda ta je ta kishingiɗa bayan dogon aiki, an yi mata aika-aika. Likitocin Indiya suka yi ta bore har Kotun Ƙoli ta ƙasar ta sa baki. Da akwai ɗaki mai ƙofa da sakata, da mai gadi a bakinsa, Allah kaɗai ya san yadda za a yi.

Yanzu ga maganar motar da ta ba ka haushi. Ni akawu ne, ba ni da ko babur mai kirki, ba kuwa na kare masu mota. Amma ka sa kanka a matsayin mace likita da aka kira ƙarfe biyu na dare. Ta zo, ta tarar wurin da ke kusa da ɗakin haihuwa motocin masu dubiya sun cika shi tun magariba, sai ta kai tata can bayan gini, inda ba fitila, ciyawa ta kai gwiwa, katanga ta rushe. Daga nan za ta tako da ƙafa, in ta gama kuma ta koma ita kaɗai. Tsakanin ƙofar mota da ƙofar ɗaki, wannan ɗan taƙin, shi ne abin da ake magana a kai. Mu mutanen nan mun fi kowa sanin aikin masu kai wa ɓarayi labari. Ba sa bukatar komai sai su san motar wane ce wannan, ƙarfe nawa yake fita, ta wace ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma duk mintin da likita ya ɓata yana zagaye yana neman inda zai tsaya, daga ran majiyyaci aka ɗebe shi.

Abin mamaki, gyaran ba mai tsada ba ne. Wuri a keɓe kusa da ɗakin gaggawa domin masu aikin dare, da fitila mai aiki da hasken rana, wadda yanzu ko a kasuwar ƙauye ana gani, da mai gadi da zai raka mutum, da littafi a bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi na ofis ya san kuɗin wannan bai kai na fentin gini guda da ake yi don zuwan baƙo ba.

Sa'an nan ga gajiya. Akan sami likita ya yi kwana biyu ko uku yana jiran aiki bai koma gida ba, saboda ƙarancin hannu. Har ƙungiyarsu ta umurci 'ya'yanta, daga 1 ga Oktoba 2025, kada kowa ya ƙara wuce sa'a 24 a jere. Umurni ne mai kyau, amma in ba wanda zai karɓe ka, ina za ka bar majiyyaci ka tafi? Direban da ya kwana biyu bai yi barci ba, ba mai yarda ya shiga motarsa, amma ga shi muna miƙa cikinmu ga irinsa ya tsaga. Akwai kuma gajiyar zuci, wadda ba a gani. Yaro ɗan shekara 30 ya wuni yana ciro harsashi daga jikin yara da mata, ya wanke hannu, ba wanda zai ce masa sannu, balle a zauna da shi a ji abin da ke ransa. Kuɗin haɗarin aiki da ake ba su kuwa naira 5,000 ne a wata shekara da shekaru, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara.

Shi ya sa suke tafiya. Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 5, waɗanda suka rage kuwa kamar 55,000 ne. Suna Ingila, suna Amurka, suna Saudiyya. Kaɗan ɗin da suka rage ma birni suke zaɓa. In asibitin koyarwa da ke tsakiyar birni ya kasa tsare likitansa, da wane baki za a ce masa ya zo Safana ya zauna?

Ina da magana guda kuma da mu kanmu, ko da ba za ta yi daɗi ba. Ana samun masu jinya da ke zagin likita, har su ɗaga masa hannu, in nasu ya cika. Na san zafin rashi. Amma mutumin da ya kwana tsaye kan ɗan'uwanka ba shi ya tare hanya ba, ba shi ya hana mota fita da dare ba. Ina roƙon hakimanmu, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da limamai, su riƙa jan kunnen jama'a a kan wannan.

Kai kuwa Malam na Runka, ga abin da nake so ka yi. In wakilinmu na majalisa ya zo gaisuwa, bayan ka tambaye shi gonarka, wadda ita ce gaba da komai, ka ƙara masa da tambaya guda: shin ya taɓa shiga asibitin da ake kai mu da tsakar dare, ya ga inda likitan ke kwana da inda yake ajiye motarsa? In ya ba ka amsa, ka aiko mini, zan roƙi Edita ya buga ta a wannan fili yadda ya faɗe ta.

Wassalam.

Ni ne naka,
Akawu, Batsari.