Tasha ƙofar gari ce: wa zai riƙe makullinta?

Duk lokacin da aka tayar da zancen jirgin ƙasa, abin da magabata ke ƙirga wa jama'a shi ne tsawon kilomita da yawan kuɗin da za a kashe. Ba kasafai ake tambayar inda jirgin zai tsaya ba, balle wanda zai mallaki wurin tsayawar. Alhali kuwa tarihin ƙasashen da suka riga kowa shimfiɗa dogo ya nuna cewa ratsa daji da ƙarfe abu ne mai sauƙi. Rigimar duk tana bakin gari.

A Ingila da Amurka, kamfanoni masu zaman kansu ne suka gina layukan dogo, kowane da nasa, kowane kuma yana son ya kai fasinjansa tsakiyar birni. A shekara ta 1846 wani kwamitin da gwamnatin Ingila ta kafa ya ba da shawarar kada a bar layukan su kutsa cikin tsakiyar Landan, don haka tashoshin suka jeru a gefen gari. Kamfanin Midland, da ba shi da ƙofar kansa, ya shiga haya a tashar King's Cross ta kamfanin Great Northern tun daga 1858. Amma zaman ɗan haya da mai gida ba ya ƙarko: idan hanya ta cushe, jiragen mai gida ke fara wucewa, na baƙo su jira. Da Midland ya gaji, sai ya gina tashar St Pancras a 1868, daf da ta tsohon mai gidansa. Tashoshi biyu ke nan kafaɗa da kafaɗa, domin kamfanoni biyu sun kasa amince wa juna.

A Chicago abin ya fi haka muni. Manyan tashoshi shida ne suka raba birnin a tsakaninsu, har wani kamfani mai suna Parmelee, wanda aka kafa a 1853, ya mai da jigilar matafiya da kayansu daga wannan tasha zuwa waccan sana'arsa. Matafiyi ya biya kuɗin jirgi, ya kuma biya kuɗin rashin jituwar masu jirgi. Sai a 1972, shekara guda bayan gwamnati ta kafa kamfanin Amtrak, aka tattara jiragen doguwar tafiya a tasha ɗaya.

Dabarar tashar haɗin gwiwa ba sabuwa ba ce, domin birnin Indianapolis ya buɗe tasa tun 1853. Sai dai a manyan birane kamfanoni ba su cika shigarta da son ransu ba. A Washington, dokar majalisa ce ta 1903 ta haɗa kamfanonin Pennsylvania da Baltimore and Ohio a tasha ɗaya, wadda ta fara aiki a 1907, aka kuma kwashe layin da ya ratsa babban filin da ke gaban majalisar. A Los Angeles, kamfanoni uku sun yi shekaru suna jan hukuma a kotu, mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a a 1926, tashar kuwa ba ta buɗe ba sai 1939. Ko a nan ma an yi kashin dankali, domin tsohuwar unguwar ƴan China aka rushe aka gina ta. Wannan ma darasi ne: idan jirgi zai shiga gari, gidajen marasa ƙarfi ake fara aunawa.

Amma labarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na St. Louis. Birnin yana bakin kogin Misisipi, kuma duk jirgin da ya fito daga gabas dole ya tsallaka ruwa kafin ya shiga. A 1889 attajirin nan Jay Gould ya haɗa kamfanoni shida suka kafa ƙungiyar da za ta riƙe hanyoyin shiga birnin. Suka mallaki gadar Eads, daga baya suka haɗa da gada ta biyu da kamfanin jiragen fito, babbar tashar da aka buɗe a 1894 ita ma tana hannunsu. A zahiri haɗin kai ne mai kyau: tasha ɗaya, hanya ɗaya, babu ɓarnar fili. A baɗini kuwa, ƙofar gari ce aka yi wa makulli. Kamfanoni 24 ne layukansu ke isa yankin, 14 kawai ke cikin ƙungiyar, kuma ba a karɓar sabon shiga sai dukan ƴan ciki sun yarda.

A 1912 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci bisa dokar hana babakere ta 1890. Ba ta wargaza ƙungiyar ba, domin ta gane cewa yanayin wurin ba zai bari kowane kamfani ya gina gadarsa ba. Abin da ta ce shi ne a buɗe ƙofa: duk kamfanin da ke son shiga ƙungiyar a karɓe shi bisa sharuɗɗan da na ciki suka samu, wanda ba ya so kuma a bar shi ya yi amfani da gada da tasha a kan farashin adalci. Ma'anar hukuncin a fili take. Abin da ba a iya gina biyunsa, ba a barin mutum ɗaya ya rufe shi.

Me ya haɗa wannan da Nijar? A watan Afrilu na 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, a watan Janairu na 2016 kuma aka ƙaddamar da layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa zuwa Doso, mai tsawon kusan kilomita 140. Layin bai haɗu da na Parakou ba, inda dogon Kwatano ya tsaya tun zamanin mulkin mallaka, domin taƙaddama ta tashi tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin kan wanda ke da haƙƙin aikin, kotunan Benin kuma suka bai wa Petrolin gaskiya. Tasha ta samu, zirga-zirgar fasinja ba ta samu ba. An gina ƙofa kafin a daidaita kan mai hanya.

A ɗaya gefen, a watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Faɗin wannan layi mita 1,435 ne, na Yamai zuwa Doso kuwa mita ɗaya. Ko da wata rana layukan biyu sun haɗu a gari ɗaya, jirgin wannan ba zai hau hanyar wancan ba. Ga tashoshin mota kuma, kowa ya san yadda kowane kamfanin bas ya kafa tasa a unguwarsa, matafiyi na yawo da kaya a taksi daga wannan zuwa waccan. Cutar Chicago ke nan tun jirgi bai iso ba.

Saboda haka abu uku ya kamata a rubuta cikin doka, kada a bar su ga yarjejeniyar da ake sa wa hannu a ɗaki rufe. Na farko, filin tasha da hanyar shiga gari su zama mallakar ƙasa, ko da kamfani ne zai tafiyar da su. Na biyu, kowane mai jirgi ya shiga a kan farashi ɗaya da aka bayyana wa kowa. Na uku, a keɓe filin tun yanzu, a tanadi wurin motocin haya kusa da shi, a kuma biya diyyar gaskiya ga duk wanda aikin zai tayar daga gidansa ko gonarsa.

Amurkawa sai da suka sha shekaru a kotu kafin su gane haka. Wanda ya zo daga baya ba shi da uzurin maimaita kuskuren na gaba. Tun ran gini ake zane, kuma ba a bai wa kura ajiyar nama.